Zaren Auna Yatsan Inna

Yamai, 4 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanena Jibirilla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da Lauratu da yara da Inna kuna lafiya kamar yadda nake a nan.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Modu direba. Na daina aiko maka sirri ta waya tun ranar da ka kunna saƙona a tsakar gida, har maƙwabta suka ji abin da na ce kan miyar matarka.

Ga maganar. Wata abokiyar aikina a nan asibitin haihuwa ta saya wa mahaifiyarta zobe mai dutsen watan haihuwa. Ashe kowane wata da dutsensa: Mayu zumurrudu, Yuli yakutu, haka har sha biyu. Tsohuwar ta yi ta kukan daɗi. Irinsa nake so in aiko wa Inna kafin Sallar Layya, tunda bana ma aiki ba zai bar ni in zo ba. Ka binciko mini watan da aka haife ta.

Takardar gwajin jininta da ka turo na duba, lafiya lau take, ta dai ci gaba da rage gishiri.

Abin da ke cikin wasiƙar nan, ko iska kada ta ji. Ka huta lafiya.

Yayarka,
Rumasa'u

Gure, 13 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata mai daraja,

Amin wa alaikumus salam. Gaisuwa da ladabi da biyayya. Zafi ya kankama, amma mun gode Allah.

Yaya, na ɗauki aikin nan kamar jarrabawa. Na fara da katin ɗan ƙasa na Inna: ɗaya ga Janairu. Har na fara murna, sai na duba na marigayi Baba, ɗaya ga Janairu. Na Gwaggo Aisa ma haka. A layinmu kaɗai na ƙirga tsofaffi tara da aka haifa a wannan rana mai albarka. Na je meri, ofishin magajin gari, mai rajista ya ce a zamanin duk wanda bai san ranarsa ba, ita ake manna masa.

Na hau babur zuwa Kelle wurin Kawu Ibram, tunda shi ne wanta. Ya rantse cewa lokacin kaka aka haife ta, yana girbin gero aka zo kiransa. Na tambaye shi shekararsa nawa lokacin, ya ce uku. Ban taɓa ganin ɗan shekara uku yana girbi ba, amma ban yi musu ba, saboda yana riƙe da sanda.

Gwaggo Aisa ta ce ƙarya yake yi, cikin azumi ne, da tsananin bazara, kuma ita ta goya ta. Kin san tsakaninsu da Inna wata shida ne, shi ma har yau ba su daidaita kan wace ce babba ba. Ta kuma tsare ni da ido ta ce, “Kai, me ya sami Habsu da ake bin asalinta?” Na ce ba komai, na sha ruwa na fito.

Yanzu ina da wata uku a hannu, ban san wanda zan ba ki ba. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki mai biyayya,
Mushe Jibirilla, malamin makaranta

Yamai, 21 ga Afrilu

Jibirilla,

Salama da gaisuwa, a gaida gida.

Malamin lakwal guda, mai koyar da 'yan makaranta, wata ɗaya ya gagare ka! To, ci gaba da tambaya. Kafin nan maƙerin azurfa yana son girman yatsa. Ka sami zare ka zagaya na kusa da ƙaramin, a hannun dama, ka ƙulla, ka saka mini a ambulan. Ka yi lokacin da take barcin rana. Wannan dai ko jariri zai iya.

Sai na ji daga gare ka.

Rumasa'u

Gure, 2 ga Mayu

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwar yau gajera ce, don gida ba lafiya.

Ranar Talata bayan azahar Inna ta kwanta a ƙarƙashin rumfa. Na lallaɓa da farin zare, na durƙusa, na kama hannunta. Ina cikin ƙulli ta buɗe ido ɗaya.

“Jibirilla, me kake aunawa?”

Wallahi Yaya, kaina ya ɗaure. Ƙarya ba ta zo mini ba, gaskiya kuma kin hana. Sai na ji bakina yana cewa, “Yaya ce ta ce a auna ki, amma ta ce kada ki sani.”

Ta tashi zaune a hankali. “Takardar jinina ta kai hannunta?”

Na ce ta kai.

“Me ta gani?”

A nan ne na yi babban kuskure. Kin ce abin da ke cikin wasiƙa ko iska kada ta ji, maganar jinin kuma a cikin wasiƙar take. Sai na sunkuyar da kai na yi shiru.

Ta ce, “Shi ke nan. Ana bin dangi ana tambayar ranar da na zo duniya, ana auna ni da farin zare ina kwance. Allah ya sa mu cika da imani.”

Tun daga ranar take rabon kaya. Kwanonin jerenta sun tafi gidaje huɗu. Jar akuyar nan mai ciki ta ba Gwaggo Aisa, ta kuma amsa a gaban shaidu cewa Gwaggo ce babba, suka rungume juna suna kuka. Ta bi layi gida-gida tana neman yafiya, har da mai kifin da ta kora bara. Gishiri kuwa da hannu take zubawa, ta ce mai tafiya ba a yi masa doka. Jiya daga Bune aka zo dubiya, aka tarar da ita tana cin kilishi.

Na yi niyyar in ɓoye miki abu ɗaya, amma ba zan iya ba. Lauratu ta ji tana gaya wa Gwaggo, “Ko ba komai, wannan karon Rumasa'u za ta zo. Layya huɗu ban gan ta ba, amma zaman makoki ba a aiko shi a mota.” Da dariya ta faɗa. Ni kuwa ɗaki na shiga, don hawaye suka zo mini.

Ga zaren a ciki. Ki ba ni izini in yi magana.

Jibirilla

Yamai, 5 ga Mayu

Jibirilla,

Salamu alaikum. Innalillahi! Wane irin mutum ne kai? Da na ce ka yi shiru ai ba cewa na yi ka kashe mana uwa ba!

Na kira sau bakwai, ka ga ta ƙi karɓar wayar, wai ba ta son a lallashe ta. To ka karanta mata wasiƙuna duka, har da ta miyar Lauratu in ta kama. Ka ce jininta ya fi nawa kyau. Ka ƙwace gishirin nan.

Maganar da Lauratu ta ji kuwa, tun jiya na kasa cin abinci. Na ɗauka zobe zai tsaya mini a wurinta. Ka ce ta yafe mini, kunyarta nake ji.

Zaren ma ya kwance a hanya.

Rumasa'u

Gure, 9 ga Mayu

Rumasa'u,

Ni ce uwarki Habsu. Jibirilla ke rubutawa, na ce in ya ƙara ko ya rage zan sani. Ina gaishe ki, ina gaida aiki.

An karanta mini komai. Ashe da saurana, alhamdu lillahi. Sai dai Aisa ta ce kyauta ba ta komawa, akuyar ta haifi biyu a gidanta, kuma yanzu sai na ce mata Yaya take amsa mini. Ke kika jawo, ke za ki je ki karɓo.

Watan da aka haife ni ban san shi ba, ban kuma taɓa rasa barci a kansa ba. Wanda na sani shi ne naki. Ranar Laraba ce, damina ta yi tsakiya, gero ya fara fitar da kai. Ranar aka fara ce mini uwa. In dutse za a sa, a sa na wannan watan.

Na yafe miki. Amma kada a sake aiko mini da zare. Yatsan yana nan Gure a jikin mai shi. Wadda take son aunawa, Modu yana tasowa kowace Alhamis.

Allah ya yi miki albarka.

Innarki