Sabuwar Bindiga da Injin Ban-ruwa

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya zaman Fatakwal? Ya jikin Ummi? Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan Lajawa kowa lafiya, raina ne dai a ɓace.

Bindigar nan da ka matsa a saya don gadin injin ban-ruwa ta iso, da takardunta. Kawu Ilu ya ce shi zai fara gwada ta a fadama, tunda shi ne maharbin gidan. Na ce, "Kawu, wannan fa ba irin taka ba ce, da kanta take ɗura wani harsashin." Ya ce tun ba a haife ni ba yake harbi.

Ya saita kututturen giginya, ya harba, ya samu. Sai ya sauke ta yana dariya, yatsansa na wasa da kunamar bindigar, don ya saba da harbi-ka-ruga, wadda in ta tashi sau ɗaya sai an sake ɗuri. Kawai muka ji ta sake tashi! Allah ya tsare, ba ta sami kowa ba, amma ta fasa injin.

Yanzu tumatir sai yaushi yake, Kawu kuma ko a jikinsa, wai bindigar ce ba ta da tarbiyya. Na kulle ta a ɗaki.

Ka gaida mutan gida, a taya mu da addu'a. Ɓarayin da kake tsoro kuwa su huta, mun yi musu aikin da kanmu.

Ƙaninka,
Sani