Ni Na Kashe Ramin Ƙanena, Aka Ɗora Wa Mai Nono

Malam mai gyaran jarida, salamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da duk wanda za a karanta wa wannan takarda a zaure ko a gindin inuwa. Kada ka sa sunana, sunayen da ke ciki ma duk na sake su. Rubutuna kuma ka yi haƙuri da shi, allo a rabi na bar shi, bokon nan ma da girmana na tsince shi, in ka ga karkace ka miƙe. Abu ɗaya nake roƙo, a ji ni har ƙarshe kafin a tsine mini. Zagi ba baƙona ba ne, ni ma gwaninsa ne, amma yau shawara nake nema.

Ni marini ne a Jega. Ubanmu ya rasu ya bar mana ramin rini biyu a karofi, wato marinar garinmu, ɗaya nawa, ɗaya na ƙanena wanda zan kira Buhari. Ni na riƙe yaron nan, ni na koya masa riƙon muciya, ni na koya masa ɗanɗana ruwan baba da harshe ya san ko rami ya nuna. Yau ga furfura ta cika mini gemu, hannuwana baƙi har gwiwa, amma in mata sun aiko da zane sai ka ji ɗan aike yana cewa, "An ce a ba Buhari." Na haɗiye wannan shekara da shekaru. Wa zan kai wa ƙara? In ce ƙanena ya fi ni iya abin da na koya masa?

Da damina ta ɗauke sai malamin Di'o, Baturen mulki, ya zo da sanarwa, wai za a yi babban taron nuna kayan sana'a a Birnin Kebbi, kowane gari da rumfarsa. Turawan kanti da fatake daga Ikko za su zo su zagaya, wanda kayansa suka yi musu za su riƙa saye a hannunsa. Kowa ya san yadda yadin kanti ya karya mana kasuwa, to ga ƙofa ta buɗe. Aliero za su kai albasa, Maiyama tabarmi da ƙorai, mu kuma aka ce rini. Sarkin marina ya tara mu a inuwar durumi ya ce mutum guda za shi da kayan kowa, sunansa za a kafa a bakin rumfa. Na gyara zama. Sai na ji ya ce, "Buhari za shi tahi muna." Na ce, "Ni hwa, ranka shi daɗe?" Ya ce, "Kai bakinka ya hi hannunka kaihi. Nasara shi taɓa zanenka da hagu ka zage shi, a kwashe mu duka a kai gidan yari?" Aka kwashe da dariya, har da waɗanda na yi wa tsarki suna yara. Bai bar ni haka ba, ya ƙara da cewa, "Amma tunda ka iya boko, kai za ka rubuta muna allon rumhwa." Jama'a, da hannuna na zauna na rubuta sunan ƙanena da manyan baƙaƙe, boko a sama, ajami a ƙasa. Kowane harafi kamar ana tsaga ni.

Shiri ya kankama. Aka sayo farin saƙi wurin masaƙan Jiga Birni, aka yi maganar zana da gwangwala na rataye kaya, aka kama jakuna, mabuga suka gyara gungumensu na bugun zane. Kowa ya kawo baba mafi kyau da yake ɓoye aka zuba a ramin Buhari, aka haɗa masa sabon ruwa. Ga wanda bai san rini ba, rami abu ne mai rai. Baba da toka ake haɗawa, a yi ta motsawa safe da yamma har ya tashi, kumfa mai ƙyalli ta rufe shi, ka tsoma farin zane ya fito kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonka. Abin da ba ya so a duniya shi ne tsami. Shi ya sa tun kakanni ba a shiga tsakanin ramuka da nono, ko lemun tsami, ko kunun tsamiya. Mai son fura ya fita gindin durumi ya sha, ya wanke hannu, ya dawo. Ramin Buhari kuwa ya tashi irin tashin da ban taɓa gani ba. Tsofaffi suna zuwa su ɗaga murfi su leƙa suna cewa albarkar ubansa ce. Ubansa! Ni tsintata aka yi?

A gindin durumin nan akwai wata tsohuwar Bafillatana, in kira ta Dija, daga wata ruga bayan Gehuru take zuwa. Mijinta ya rasu, jikoki take riƙo, karsana guda ce tata, nonon ma na maƙwabta take haɗawa ta kawo. Ni da ita kullum cikin tsiya muke. In ta hango ni ta ce, "Baƙin-hannu, yau ma da wa kaka hushi?" In ce, "Da ruwan gulbin da kinka ƙara ma nonon ga." Ta ce, "Ai kai ko madara anka ba ka sai ka ce ta yi hwari da yawa." Lokacin da uwar 'ya'yana ta kwanta ciwo, matar nan ta riƙa kawo mata man shanu, ko godiya ba ta tsaya karɓa. Wannan ita ce Dija. Ranar wata Juma'a da hantsi wani ya tafi da ludayinta bakin aiki, ita kuma tana sauri, sai ta ratsa ta tsakanin ramuka da ƙwarya a kai ta karɓo. Aka yi mata ihu, ta ce a yi haƙuri, ta fita. Ko ɗigo bai zuba ba. Ina zaune ina kallo.

Ranar ce na yi abin da na yi. Ba dare ba, rana tsaka, lokacin da duk namijin kirki yake masallaci. Matata ta jiƙa tsamiya cikin babbar tukunya saboda kunun sunan maƙwabta. Na ce cikina yana murɗa, na bari gari ya yi tsit, na juye jiƙon nan a tulu, na rufa da tsumma, na bi ta bayan gida. Ina jin liman yana huɗuba daga nesa na ɗaga murfin ramin ƙanena na tuttule, na sa muciya na motsa. Kada wani ya ce mini shaiɗan ne. Shaiɗan bai san inda tulu yake ba. Ni ne, da hankalina, kuma wallahi a lokacin daɗi na ji, kamar wanda ya sosa inda ya daɗe yana yi masa ƙaiƙayi. Na koma gida na ce wa matata akuya ta kifar da tukunya. Har akuyar ta sha duka.

Ba a daɗe ba rami ya mutu. Kumfa ta ɓace, ruwa ya yi fari-fari, wari ya sake. Buhari ya tsoma ƙyalle ya fito kamar an wanke shi a ruwan toka. Ya lasa, ya tofar, ya ce, "Tsami ya shiga." Ya zauna a bakin ramin ya dafe kai. Nan take wani ya ce, "Bahillata! Ran Juma'a ta ratsa nan da nono!" Shi ke nan, kamar an cinna wa ciyawa wuta. Sai ga Dija ta iso durumi, kafin ta sauke kaya an yi kanta, an fasa mata ƙwarya, nono yana bin ƙasa, tana cewa, "Mi niy yi? Mi niy yi maku?" Sarkin marina ya tsawatar, ya juyo gare ni ya ce, "Kai raminka na kusa, kuma kai ad dattijo. Ka gan ta?" Na ce, "Na gan ta ta ratsa." Ban yi ƙarya ba, ko? Na gan ta. Haka nake gaya wa kaina. Dija ta dube ni ta ce, "Baƙin-hannu, ai ka ga ban zubar ba. Hwaɗa masu." Na sunkuyar da kai na ce idona ba ya kan ƙwaryarta. Aka hana ta zama a durumi, aka ce bayan Sallar Layya za a zauna gaban alkali, in dafa Alƙur'ani in faɗi abin da na gani. In laifi ya tabbata, karsanarta ce za ta maye baban jama'a da ya lalace.

Sai kuma abin da na so ya zo mini har gida. Lokaci ya ƙure, ba rami mai ƙarfi sai nawa, Sarkin marina ya ce a rina kayan taro a ciki, kuma tunda ramin mutum shi ne sunansa, ni zan tafi Birnin Kebbi. Aka ce in goge allo in rubuta nawa. Na zaci zan yi murna. Abinci ma ya ƙi shiga. Kuma kun san wa ya zo ya tsaya mini? Buhari. Shi ke tace mini toka, shi ke tsoma turkuɗi, zanen nan mai duhun shuɗi, shi ke cewa a ƙara wa wannan rawani tsomi ɗaya, shi ya zana yadda za a jera kaya a rumfa, masu duhu a baya, masu haske a gaba inda rana za ta buga. Ko sau ɗaya bai ɓata fuska ba. Ni da a ce zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Ran kasuwar Aliero kuma na hangi Dija a bakin hanya, ta tako tun daga Gehuru, nonon ya tsinke da zafin rana, ba mai taya shi. Na ja rawani na rufe fuska na bi ta bayan rumfunan albasa, ni ƙato da gemu, ina gudun tsohuwa.

Al'adarmu in rami ya mutu sai a kwashe ruwan, a kwaso laka ta ƙasa a shanya a ƙona, ita ce katsi da ake sake haɗa rini da shi. Buhari shi kaɗai ya shiga ya yashe nasa, bai nemi kowa ba. Shekaranjiya da azahar muna rumfar bugu muna ninke kaya, mutane suka fita alwala, sai ya ce, "Yaya, buɗe hannunka." Na buɗe. Ya zuba mini ƙwallayen tsamiya, sun rinu sun yi shuɗi. Ya ce, "Cikin katsi nis same su. Nono ba shi da ƙwallo, Yaya." Bakina da Sarkin marina ya ce ya fi hannuna kaifi, ranar ƙarya kawai ya iya. Na ce, "Yara ka wasa nan wajen." Ya yi murmushi irin na wanda hawaye ke kusa, ya ce, "Inna Hajo ta hwaɗa ma matata labarin akuyar da tak kihe tukunya. Kuma wanda yay yi aikin ga bai tsaya tacewa ba. Baba ya sha hwaɗa maka, ka riƙa tacewa, gaggawa ka kashe maka rini. Hannunka na, ko cikin duhu na san shi." Hajo matata ce. Maganar ubanmu kuwa gaskiya ce, har ya koma ga Allah yana yi mini ita, kuma ita ce duk bambancin zanena da na Buhari, ni na sani tun tuni.

Na ce, "To tona ni. Tahi ka hwaɗa masu." Ya ce, "Kai kar riƙe ni, ba ni tona ka. Abin da ke tsakanina da kai na yahe, ka tahi Birnin Kebbi, Allah shi ba da sa'a. Amma na Dija ba nawa na ba, balle in yahe maka shi. Kuma ranar da za ka dahwa Littahi, kak ka neme ni wurin." Ya ɗauki rawanin da yake ninkewa ya ci gaba da aikinsa.

Ga inda nake, jama'a. In na yi magana, dokar karofi kowa ya san ta: wanda ya kashe ramin ɗan'uwansa da gangan, cike nasa ake yi da ƙasa, ba ya ƙara riƙe muciya a garin. Ramin da ubana ya shafe da hannunsa ke nan, da shi nake ciyar da gidana, ban iya noma ba, ban iya fatauci ba, a shekaruna ina zan nufa? 'Ya'yana su tashi ana nuna su da baki? In kuma na yi shiru, in tsaya a rumfa da babbar riga ina yi wa Nasara murmushi a ƙarƙashin sunana, in dawo in ɗora hannun nan a kan Alƙur'ani, a ja karsanar marayu ana kallo. Na yi tunanin in sayi wata karsana in aika mata a ɓoye. Amma sunanta fa? Gindin durumin da ta tsufa a ciki fa? Na yi tunanin in ce na manta abin da na gani. Alkali yaro ne?

Sallah tana matsowa, kaya sun kusa ɗaurewa. Allon yana jingine a zaurena, na goge sunan Buhari amma na kasa rubuta komai a gurbinsa, Sarkin marina kullum sai ya aiko tambaya. Ƙwallayen nan kuma suna aljihuna, na je zubarwa a gulbi na dawo da su. Malamai da dattawa masu karanta wannan shafi, kada ku ce mini in yi istigfari kawai, ina yi, bai mayar wa Dija da ƙwaryarta ba. Ku faɗa mini baro-baro kamar yadda na faɗa muku. Me zan yi?