Lakar Gida a Ƙasan Teku

Gaɓar Fatakwal,
Satumba, 1985.

Zuwa ga mahaifina Malam Hodi, Argungu.

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna. Yaya ƙarin haƙurinmu?

Saƙonku ya iso. Kun ce tunda gulbin Rima cikin Kwara yake zubawa, Kwara kuma cikin teku, to in sa ido, ko ruwan da ya kife da kwalekwalen ƙanena Dikko zai kawo shi wajena. Baba, ina sa idon. Duk sanda aka jawo taru ni ne kan gaba, har abokan aiki sun ɗauka kwaɗayin kifi ne irin na Bakabe. Na ƙyale su da dariyarsu.

Aikin jirginmu auna zurfin teku ne da ɗebo abin da ke ƙasansa. Shugabanmu Dakta Zakka ya ce an fi shekara ɗari ana wannan aiki. Mutanen farko igiya suke ɗaura wa dalma su wuni suna saki, yanzu na'ura ce ke aika ƙara ta jira amsa. Duk da haka, wai abin da aka gani bai taka kara ya karya ba.

An ce mini kun hana a yi masa salla, kuna ta bin gulbi da gora kuna laluben gawarsa har Zauro. Don Allah ku riƙa cin abinci.

Ɗanku,
Kalilu.

Nuwamba, 1985.

Baba,

Ina gaishe ku, ina gai da Inna. Yaya ƙafar taku?

Makon jiya mun cusa bututu can ƙasan teku, daura da inda Kwara ke faɗawa, ya fito da laka. Dakta ya ce lakar tudu ce, daga ƙasashenmu ruwa ke jido ta tun kafin a kafa Kabi, tana sauka sannu, tana rufe duk abin da ta tarar. Na murza ta a hannu, sak ta fadamarmu. Na koma bayan injin na yi kukan da ban yi ba tun zuwan labarin.

Ba zan ruɗe ku ba, Baba, ba zan gan shi ba. Ruwan nan ya fi ƙarfin idon mutum. Na san abin da ke cin ranku shi ne ɗanku ya zauna ba sutura. To ko a gulbi ya tsaya, ko a Yawuri, ko ya iso nan, Allah Ya riga Ya rufe shi, kuma da ƙasar gida.

Wadda ta rage mana ita ce matarsa Riskuwa. Wata na uku ke nan tana zaune a ɗaki, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba, kuma kunyarku ba za ta bar ta ta yi magana ba.

Ina roƙonku ku aje gorar nan, ku je wajen liman a yi masa salla. Kada ku jira hutuna. Ku dai aiko mini da ranar, in yi masa tawa addu'ar a nan kan ruwa.

Ɗanku mai kewarku,
Kalilu.