Na Hana Inna Magana

Yaya Idi,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Na san babu mai kai wasiƙa maƙabartar Urno, amma wa zan faɗa wa in ba kai ba?

Bayan rasuwarka na ɗauko Inna zuwa Kaduna saboda idonta. Ba mu yi nisa da magani ba aka shiga korar baƙi. Mu mutanen Adar da ke hayin iyaka ba a fuska ake gane mu ba, a baki ne. A tare ka a hanya a nuna maka agogo, in ka ce montur, a jefa ka mota. Ni na daɗe da wanke harshena. Makaranta nake cewa, yarana ba su taɓa jin lakwal a bakina ba.

Inna fa? Tsohuwa za ta sake baki? Ran da ta tambayi matan gidan hayarmu yaushe lokotoro ke zama, maimakon ta ce likita, na ga sun kalli juna. Ban zarge su ba, mazansu ma na neman aikin gadin da nake yi. Na durƙusa na roƙe ta kada ta ƙara magana sai a ɗaki. Ta daina. Har a ɗakin ta daina.

Ka tuna kana malamin lakwal a Madawa, kana gaya mini Ingilishin da ake taƙama da shi ma ɗan aro ne? Ka ce kalmominsu na shari'a da na soja daga Faransa suka kwaso, tunkiya ma tana kiwo da sunan Ingilishi, in ta hau tebur ta koma Faransanci. Gaskiyarka, Yaya. Sai dai su aronsu ado ne, namu shaida ce a kanmu.

Likita ya ce aikin idon sai bayan damina. Kafin nan wani zai kai ƙararmu. Gobe zan sa ta a motar Illela, a hannun wani ɗan Tabotaki. In na raka ta ba ni da takardar dawowa, yara su ci mi? Can kuwa ba kai, ba hatsi a rumbu, ga makanta na tafe.

Da na gaya mata ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi gara duhu a inda za ta yi sallama ba a tsorace ba.

Allah ya haskaka kabarinka. Ni kam ban san ƙasar da za a haƙa nawa ba.

Ƙaninka,
Sule