Layin Gamba Biyu a Gonar Baba

Assalamu alaikum, Gwaggo Rahmatu. Don Allah ki duba mini wannan al'amari ki ba ni shawara, domin na juya shi ta kowace fuska ban ga inda zan kama ba.

Mu huɗu ne a wurin mahaifinmu, maza uku sai ni auta. Ƙauyenmu yana ƙasar Kunci, aure ne ya kawo ni Minjibir. Da Baba ya rasu ba a raba gonarsa ba. Babban wanmu, Yaya Ja'afaru, ya ci gaba da noma ta tare da Yaya Tahir da Yaya Zubair, kamar yadda ake yi Baba yana raye. Duk kaka ana aiko mini da buhun gero da ɗan wake, in yi godiya. Ban taɓa tambaya ko kyauta ce ko haƙƙina ba, su ma ba su taɓa faɗa ba.

Gonar tana da gangare, ta gabas ruwa ya daɗe yana cin ta, har ya yi ramin da akuya kan shiga ba a hango ta. Bara gwamnati ta kawo wani shiri na hana zaizayar ƙasa. Malamin gona ya ce duk wanda ya dasa ciyawar gamba a gicciye cikin gonarsa, ya kula da ita ta rayu, za a ba shi taki da iri a rangwame, in kuma gonakin ƙauyen suka cika sharaɗi a haƙa musu rijiyar burtsatse. Yaya Ja'afaru ba ya barin sabon abu ya wuce shi, shi ya fara ba da suna. Aka zo da igiya aka auna gangaren, aka ja masa layi biyu daga wannan gefe zuwa wancan.

Gwaggo, ke ma kin san abin da layin gamba yake nufi a wajenmu. Iyaka ce. Inda ka gan shi, gonar wani ta ƙare, ta wani ta fara. Ranar da na je gida suna na bi ta hanyar gona, sai na tarar gonar Baba ta zama uku. Na tsaya na ƙirga, alhali ba wani abin ƙirgawa. Wata tsohuwa maƙwabciyar gonarmu ta yi mini barka da an yi rabo lafiya, ta tambaye ni ko ni da Inna a wani wuri aka ba mu namu.

Na yi wa Yaya magana. Dariya ya yi, ya ce ruwa aka yi wa iyaka ba mutum ba, kuma ba shi ya zaɓi layi biyu ba, gangaren ne ya ba da haka. Na yarda da shi, ko allurata bai taɓa ci ba. Amma bana na lura kowannensu ya fi tsayawa a yanki guda, wai don sauƙin aiki, har a gida an fara kiran na tsakiya gonar Tahir. Yaya zai mutu, ni ma zan mutu, malamin gona za a canja masa wurin aiki. Ciyawar kuwa tana nan, kuma ita dagaci zai gani ranar da 'ya'yana suka zo tambaya.

Maigidana ya ce in kai ƙara, ko in sa a tumɓuke ta. In aka tumɓuke, masu duba aiki za su cire gonar daga shirin, wataƙila a rasa rijiyar, kuma sunana matan ƙauyen za su riƙa kira a hanyar ɗiban ruwa. Inna ta ce in yi haƙuri, 'ya mace ba ta ja da 'yan'uwanta a kan ƙasa. Ba fushi nake yi ba, wallahi, abincina ma ina ci lafiya. Sai dai ba na so ciyawa ta cire ni daga cikin 'ya'yan Baba. Yaya zan yi?

Taki,
Autar Maza, Minjibir

Wa alaikumus salam, Auta.

Kada ki taɓa ciyawar nan, kada kuma ki bari maigidanki ya aiki wani ya taɓa ta. Ramin da akuya ke ɓacewa a ciki ba ya tambayar rabon wa yake ci. In aka tumɓuke ta, nan da 'yan damuna za ku zauna rabon kwazazzabo. A nan wanki ya yi daidai, ya ma cancanci godiya. Kotu kuma ki ajiye ta gefe. Ba wanda ya hana ki komai tukuna, domin ba ki nemi komai ba.

Amma tsoronki ba shirme ba ne. Masu shirin sun auna gangare, ba su yi tunanin abin da mutumin ƙauye ke gani a layin gamba ba. Tsohuwar da ta yi miki barka abin da idonta ya nuna mata ta faɗa, kuma haka jikokinta za su faɗa. Inna, Allah ya ƙara mata lafiya, zaman lafiya take nema, sai dai rabon 'ya mace a gado Allah ne ya yanka shi, kunya ba ta soke shi. Ita kanta Innar tana da tumuninta a gonar nan, kuma layukan ba su nuna shi ba.

Matsalarku ta girmi shirin gwamnati. Gado aka bari ba a raba ba, kowa yana jin nauyin ya fara magana. To, ke ki fara. Zumunta a ƙafa take, don haka ki ajiye waya ki hau mota. Ki sami Yaya Ja'afaru shi kaɗai, ki fara da yaba masa aikin, sannan ki roƙe shi ya kira liman da mai unguwa da maƙwabtan gona da bakinsa. Liman ya fitar da rabon kowa, a faɗa a gaban shaidu cewa ciyawar ta tare ruwa ce, a rubuta. In da hali, rabon ya bi tsawon gangaren ya ratsa layukan biyu, kowa ya sami sama ya sami ƙasa. Alamar iyaka kuma a yi ta da wani abu daban, duwatsu ko dashen ɗorawa. Ku shaida wa malamin gona tukuna, da wuya ya ƙi ƙarin itace.

Nuna rabo ba ya hana noma tare. Kina iya barin naki a hannunsu yadda yake. Amma ki sani, mai rabo a gona yana da rabo a ramin, ranar da za a cike shi a ga hannunki. Wanki kuma zai iya jin zafi, ya ga kamar kin zarge shi. Ki bar shi ya huce, kada ki janye maganar.

Ki yi wannan tun yana da ran da zai yi dariya ya ce ruwa aka yi wa iyaka, domin 'ya'yansa yanki uku za su ƙirga, kamar yadda kika ƙirga. Allah ya jiƙan Baba, ya bar zumunci, ya sa buhun da zai zo miki kaka mai zuwa ki karɓe shi kin san naki ne.

Gwaggo Rahmatu