Kati ɗaya, mahaifa biyu

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana, ko da yake ni kaina wata bakwai ke nan ina amsa sunan da ba nawa ba. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a Chanchaga, 'ya'yana huɗu. Maigidana doya yake sarowa a kasuwar Paiko ya kawo cikin gari, wato dai mu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba mu da inshorar lafiya, tamu inshorar ita ce Allah ya kiyaye. Bara jini ya fara zubar min ba ƙaƙƙautawa, na sha na kemis na sha na gargajiya, har ranar da jiri ya kayar da ni a kan keken ɗinki. A asibiti aka yi hoto aka ce ƙari ne a mahaifa, ya girma, kuma likita bai ji daɗin yanayinsa ba. Da aka faɗa min kuɗin aiki dariya na yi, don ko keken da shagon na haɗa na sayar ba za su kai rabi ba. Na naɗe takardar na koma gida.

Ƙanwata, mu kira ta Binta, malamar makaranta ce a Maikunkele, tana da katin inshora ta wurin aikinta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kamarmu ɗaya, in muka sa hijabi har Inna sai ta duba sau biyu. Ita da kanta ta kawo min katin, ban roƙa ba, ta ce Yaya ni ko farasitamol ban taɓa karɓa da shi ba, ki je ki zama ni. Na san ba daidai ba ne, kada wani ya ƙona datarsa wurin yi min wa'azi, na sani. Amma a lokacin ko tsayuwar sallah ba na iyawa.

Haka na je asibitin da katinta ke aiki aka buɗe min fayil da sunanta. Na haddace ranar haihuwarta, na rage wa kaina shekara shida a banza. Ranar farko nas ta kira Binta har sau uku ina zaune ina kallon bango, sai da ta zo ta dafa ni ta ce, "Madam, kai ba ka jin sunanka ne?" Matar kirki ce, 'yar kudancin Kaduna, yanzu har ɗinki take kawo min, ta tsaya a bakin shago tana Binta Binta, maƙwabta suna kallona ni kuma ina ta murmushin dole. An ƙara min jini, an gama gwaje-gwaje, an sa ranar cire mahaifar gaba ɗaya nan da sati uku.

To sai ga shi Binta tana da ciki. Shekara bakwai da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai yanzu. Wallahi na yi murna har na yi kuka, sai da na zauna sannan abin ya faɗo min. Jininta yana hawa, a ƙaramin asibitin unguwarsu an ce mata lalle ta koma babba, wato wanda nake zuwa da katinta, ta riƙa awo a can, kuma fayil ɗin da ke can ya ce Binta ta haihu huɗu, za a cire mata mahaifa. Wane likita ne zai cire mahaifar mace yau, bayan wata shida ta dawo masa da naƙuda?

Ashe mijinta bai san ta ba ni katin ba. Da ya ji ya zo har gida, ya ce in mayar, in aka gano za a iya soke katin, wataƙila har aikinta ya taɓu. Ban ga laifinsa ba, ɗansa na fari ne. Maigidana kuma ya hau sama, wai ai ba sata muka yi ba, an bari sai da aka sa ranar aiki sannan za a ce a fasa, yanzu ko gaisawa ba sa yi. Ita kuwa Binta kuka kawai take, wai in je a yi min, ita a gida za ta haihu. Wannan maganar ta fi komai ba ni haushi, da hawan jinin za ki haihu a gida?

Kafin ku ce in je in yi rajistar kaina, na je. An ce ko na biya yau sai na jira kafin katin ya fara aiki, likita kuma ya ce abin nan ba na jira ba ne. Abin da ke cin raina ke nan, shekara ashirin ina taka keke, ban taɓa zaman banza ba, amma sai na ari sunan ƙanwata kafin a duba ni kamar mutum.

Jiya a asibiti suka ba ni takardar amincewa da aiki in sa hannu. Ina riƙe da biro na tuna, in ban farka daga tiyatar nan ba, takarda za ta ce Binta ce ta rasu, tana zaune da cikinta. Na ce musu zan je in yi shawara da maigida.

In faɗa wa likita gaskiya ne, ko me zai biyo baya? Ko in mayar mata da katinta in zauna da ciwona? Masu aikin asibiti a cikinku, ana iya gyara irin wannan fayil ba tare da an taɓa aikinta ba? Ranar Litinin a asibiti nas za ta sake leƙowa ta kira Binta. Don Allah ku faɗa min, tsakanin ni da ita wa za ta ce na'am?