Hancin Mai Gasa Burodi

Litinin, 3 ga Maris
Na sake ƙona burodi, tire shida. A gidan nan ba ma duba agogo, hanci ke faɗa maka ya gasu. Nawa hancin kuwa tun zazzaɓin watan jiya ya daina aiki. Ina tsaye a bakin tanderu, hayaƙi na ga da ido.

Alhamis, 6 ga Maris
Maigida ya kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya ce in ciwo ne, zai ba ni hutu ya ajiye mini tanderuna. In ba ciwo ba ne, to sakaci ne, Dogo zai karɓa. Dogon da ni na koya wa kwaɓa fulawa.

Talata, 11 ga Maris
Asibiti. An ɗebi jini, an haska hancin da ƴar fitila. Likita ta ce, "Malam, lafiyarka ƙalau." Na ce to ba na jin ƙamshi. Ta ce wannan alama ce, ba cuta ba, kuma cutar da ta kawo ta ta riga ta tafi. Yana maka zafi? A'a. Yana hana ka barci? A'a. Wai in yi haƙuri, wani yakan dawo, wani ba ya dawowa.
Na so in ce yana hana ni cin abinci, ni da yara. Ban ce ba.

Laraba, 12 ga Maris
Maman yara ta ce in gode Allah, ga masu ciwon gaske can a kwance. Gaskiyarta. Ta ce ai har na huta da warin kwata. Na yi mata dariya don kada ta ji kunya.

Asabar, 22 ga Maris
Dogo ne a tanderu. Ni ina ɗaure burodi a leda. Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu
Da hantsi ina ɗaure leda, na juya wa tanderu baya, sai wani abu ya taɓa can cikin hancina. Ɗan kaɗan. Ƙauri. Dogo yana ƙofa yana waya.
Wataƙila ba ƙauri ba ne, ai lafiyata ƙalau. Na ɗaure leda ta gaba, da ta gaba. Sai da hayaƙi ya fito kowa ya gani, sannan na juya.